Injin Ruwa a Tudun Wada

Karo na huɗu ke nan Malam Ngubdo ya ja igiyar, injin ya ɗauka. Farfela ta hau juya ruwan da ke cikin duron, hayaƙi ya cika lungun har kajin maƙwabta suka watse. Minti ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Ana shiga na uku sai ƙarar ta fara sarƙewa kamar tsoho ya ƙware da gari, injin ya yi karkarwa, ya yi tari biyu, ya mutu.

Malam Ngubdo ya zauna a bakin dakali, ya goge hannu a gefen wando. Tun hantsi yake abu ɗaya, ga shi har an yi azahar.

Duk Tudun Wada an san injin nan. Na kwale-kwale ne, shi kaɗai ya biyo shi daga Baga bayan gudun hijira, wani amininsa ya aiko masa da shi naɗe cikin buhu. Shekara tara yana jingine a kusurwar ɗaki, a garin da ruwan wanka ma sai an jira mai kura. Matan layi har cewa suke Malam ya fi shafa masa mai a kan ƙafarsa. Shi kuwa gadi yake yi a wani gida a Barunde, har masu gidan suka tashi watan jiya, ya dawo zaman ƙofa.

Sai ga Titus, mai jirgin da ke ƙetarar da manoma da 'yan kasuwa a madatsar Dadin Kowa. Injinsa ya ƙone, direbansa ya koma garinsu, yana neman duka biyun a haɗe. Ya ce in wannan ya yi rabin awa bai tsaya ba, yau ɗin nan zai ɗauke su, inji da mai shi. In bai yi ba, akwai wani da aka yi masa kwatance. A-kori-kurar da ya zo da ita tana Kasuwar Gombe ana loda mata taki, bayan la'asar za ta biyo ta nan.

Yanzu Titus yana zaune a benci yana duban waya, yana duban duro.

Abdulkahar mai gyaran janareto, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya baro aikinsa ya zo ba tare da an kira shi ba. Shi ne ya fara cewa fulogi ne. Aka kwance, aka goge, aka ƙona bakinsu, aka mayar. Injin ya tashi garau, ya mutu a minti na uku. Ya ce to kafireta ce. Malam Ngubdo ya shimfiɗa buhu, ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya wanke da fetur, ya bi kowace kafa da zaren waya yana hurawa har idonsa ya yi ja. Sau biyu ya yi haka. Ya duba tiyon mai ko ya tsage, ya duba matacin mai, ya tara hannu ya ji ruwan sanyaya inji yana fita yadda ya kamata. Komai ƙalau. Abin haushin shi ne, duk lokacin da suka ɓata rabin awa suna kwance-kwance, sai injin ya tashi da daɗin murya kamar an gano ciwon, har Abdulkahar ya fara gyara hula, sannan ya ba su kunya.

"Baba, man nan na 'yan bumburutu ne," in ji Abdulkahar. "Da kananzir suke haɗawa."

Malam Ngubdo ya ce a gidan mai ya saya jiya da yamma, da hannunsa ya auna baƙin mai ya haɗa, da hannunsa ya rufe tankin. Shekara talatin yana haɗa mai a tafkin Chadi, ba mai janareto ne zai koya masa ba. Abdulkahar ya ce ai shi ya sa, shekara talatin ta da ce. Ladi mai ƙosai, da ke leƙe ta katanga tun safe da sunan shanya, ta yi dariyar da ba ta ɓoyu ba.

Titus ya miƙe ya yi miƙa. Cikin ladabi ya ce shi dai mata ashirin yake ɗauka da goyo da buhuna, kuma tsakiyar madatsa ba wurin tari ba ne. Ya ce kada Baba ya wahalar da kansa, Allah ya sa wani rabon na gaba.

Da aka kira la'asar Malam Ngubdo ya yi alwala da ruwan buta, ya yi salla a nan gefen duro. Gwiwoyinsa suka yi ƙara a sujada. Yana sallamewa bai tashi ba, ya tsura wa jan tankin ido. Shi kaɗai ne bai taɓa ba. Don dai a rufe bakin Abdulkahar ya jawo shi ya murɗa murfin.

Tankin ya ja iska, fuuu, gefensa da ya ɗan loɓa ya koma daidai.

A ƙarƙashin murfin akwai farar leda, ninki huɗu, an shimfiɗa ta tsaf an ɗaure a kai, an gyare gefenta da almakashi. Haka duk mai sayar da man gyaɗa ke yi wa jarkarta don kada ta yi yoyo a hanya. Sai dai tankin jirgi ba jarka ba ne. Akwai 'yar kafa a murfinsa da iska ke shiga tana maye gurbin man da inji ya sha. In aka toshe ta, inji zai zuƙa ya zuƙa har ya rasa abin zuƙa.

Ya cire ledar, ya mayar da murfi, ya ja igiya. Minti uku suka wuce, goma suka wuce. Injin na ta gurnani murya ɗaya, ruwa na fallatsa har kan takalmin Titus.

Titus ya tambaya wa ya sa ledar.

"Ni ne," in ji Malam Ngubdo. "Tsufa."

Ya bar su suna dariya ya shiga gida.

Matarsa Sadiƙa tana tsakar gida tana murza ƙuli. Man gyaɗa take sayarwa. Ya ajiye ledar a gefen turmi, ta dube ta, ta ci gaba da murzawa. Ta ce warin fetur ne ya hana ta sakat a ɗaki.

Da wata ce da ya yarda. Amma Sadiƙa 'yar masunta ce, a kwale-kwale aka yaye ta. Shekara nawa tana zaune a bayansa a jirgi, ita ce ke sassauta masa kafar iskar nan kafin ya ja igiya. Kuma tun ranar da jirgin masu gudun hijira ya kife da ɗansu Mohammed a tafkin, ko kifi ba ta ƙara gyarawa da hannunta ba.

"Sadiƙa, yini guda kina jina."

"Ina jinka."

"Da Titus ya tafi fa? Me za mu ci?"

"Ƙuli," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shekara tara bai kashe mu ba."

Ya tsaya yana kallon bayan wuyanta. Ya so ya ce madatsa ba tafki ba ce, ba a harbi a can, daga wannan gaɓa ana hango waccan. Duk ta sani. A waje a-kori-kurar ta yi hon, injin kuma bai fasa ba. Ya ce mata zai riƙa zuwa duk Juma'a, sannan ya ɗaga labule ya shiga ɗaki don ya haɗa 'yan kayansa.

A kan gado ya tarar da jakarsa a zuge. Riguna uku a goge, bargo, maganin gwiwarsa, gari da ƙuli a ƙulle daban-daban. Ya taɓa rigar sama, ta huce tuni. Ba gugar yanzu ba ce.

Ya fito da jakar a kafaɗa. Ita dai tana murza ƙuli.

"Yaushe kika haɗa wannan?"

"Da safe," ta ce. "Bayan ledar."