Katakon Luksamburg

Ranar Alhamis ce, yayyafin birnin Ghent na Beljiyam na sauka tun safe, irin wanda ke jiƙa mutum bai sani ba, lokacin da Wannes kafinta ya kafa katako na goma sha biyu a bangon gidan tarihi. Kowane katako ƙasa ɗaya ce, tsawonsa kuma kuɗin shigar da ta samu a 1990. Jamus ta tashi mita uku. Holan ta ɗara ƙasarsa Beljiyam da kamu ɗaya, abin da ya ci masa rai tun yana awo. Luksamburg kuwa ba ta kai rabin ɗan yatsa ba, da gam ya liƙa ta.

Falanki huɗu ya yanka, na ƙarshe cikin waɗanda mahaifinsa ya shekara ashirin yana busarwa kafin ya rasu. Wannes ya hana masu kuɗi su har sau uku. Ya ba da su nan ne saboda Lieselot, mai shirya baje-kolin, ta yi alkawarin rubuta sunan tsohon a ƙasan bangon.

Yana tattara kayan aiki Lieselot ta shigo da wani dattijo mai jiƙaƙƙiyar lema, ta ce Farfesa Thill ne, wanda ya tsara alƙaluman, ya taso daga Luksamburg don buɗe taron jibi. Dattijon ya bi bangon a hankali har ƙarshe, ya sunkuya, ya gyara tabarau.

“Malam kafinta, wannan ƙusa ce ko ƙasata?”

“Ƙasarka ce, Farfesa. Abin da takarda ta ba ni na yanka. Ka gode ban yi atishawa ba.”

Farfesa bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar ya juya bayanta. Ashe shafi biyu ya aiko, ɗaya jimillar abin da ƙasa ta samu, ɗayan abin da zai faɗa kan kowane mutum in an raba, kuma na biyun ake so a bango. Lieselot ta buga na farko kawai. Ta ce na'urar ofis ce ba ta buga baya, ta faɗa sau uku, kamar na'urar za ta shigo ta ba da haƙuri.

Wannes ya karanta sabon shafin a tsaye. Luksamburg ce za ta zama mita uku. Ya tambaya ko ba za a bar bangon haka a sauya rubutun sama ba, tunda duka lissafin gaskiya ne. Farfesa ya ce shekara talatin yana koya wa ɗalibai cewa yawan jama'a ba arziki ba ne, ba zai tsaya gaban bangon da ke ƙaryata shi ba.

Wannes ya ce, “To, a shafinka Holan na gabanmu?”

“Da kaɗan.”

“Ko nan ma ba mu tsira ba ke nan.”

Ya auna, ya sake aunawa. Manyan ƙasashe huɗu za su ragu da zarto, sauran takwas sai sun ƙaru, katako kuwa ba ya tsiro bayan yanka. Lieselot ta ce a yi duka da allon kanti a shafa fenti, ba wanda zai lura. Wannes ya tambaya, sunan mahaifinsa fa? Ta kalli ƙasa ta ce ai babu katakonsa a bangon kuma.

Wannes ya ɗauki sukundireba ya fara cire katakan, Jamus ce ta farko.

Da yamma, a bayan motarsa, ya lissafa abin da ya tafi: falanki huɗu, kwana shida na aiki, sunan tsoho a bango. Da ya ƙirga guntayen, sha ɗaya ya samu. Ashe Farfesa ya jefa Luksamburg a aljihu ya tafi da ita.