Ba Laifin Albarushi Ba Ne

A duk yankinmu na Karoo, a Afirka ta Kudu, babu wanda zai gaya wa mahaifina, Barend Kotzé, yadda ake ɗura harsashi. Harsashin kanti kuwa, ko kyauta ka ba shi, kallon banza zai yi maka. Da hannunsa yake wanke kwanso, ya auna albarushi ƙwaya-ƙwaya a kan sikeli, ya zaɓi kan harsashin da zai kayar da barewa ba tare da ya dagargaza naman biltong, wato irin kilishinmu, ba. Cewa yake kowace bindiga da irin abincinta. Tasa tsohuwar tana son kai mai nauyi da albarushi mai ci a hankali, in ka ba ta wani sai ta watsa maka ƙasa a ido.

Yana da doka a gonarmu: duk wanda bai iya haɗa harbi uku a faɗin kwalin ashana ba, ba zai ɗora bindiga a kan abu mai rai ba. Da wannan dokar ya taɓa hana ƙanin mahaifiyata riƙe bindiga, ya mayar da shi mai riƙon wuƙar feɗe dabba, mutumin da ya tuƙo mota tun daga Kimberley. Har yau ba sa gaisawa da daɗin rai.

To bana sanyi ya shigo, farautar barewa ta matso, sai ga harbin Baba ya warwatse a takardar gwajin saiti kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Sun canza albarushin nan," ya ce. "Gwangwani ɗaya, suna ɗaya, amma abin ciki ba shi ba ne. Ɓarayin banza."

Ya koma ɗakin ɗurinsa ya fara daga ƙasa, yana ƙara awo kaɗan-kaɗan yadda ya koya mini tun ina ƙarama, yana duba gindin kowane kwanso ko ya nuna alamar wahala. Ya bar mai ci a hankali ya gwada mai sauri. Ya sauya kai mai tsini da mai dunƙulen baki. Ya zargi iska, ya zargi zafin ƙarfe, har ya zargi buhun yashin da yake ɗora bindigar. Ni dai ina kallo, raina yana ɓaci, don na lura da yadda yake karkata kai yana neman madubin bindigar da gefen ido. Amma wa ya isa ya faɗa masa?

Ranar nan da hantsi ya fito da sabon ɗuri, fuskarsa a sake.

"Elsabé, zo ki ga aiki. Wannan shi ne. Na koma wa tsohon albarushina, na ɗan turo kan harsashin waje kaɗan. In wannan bai haɗu ba ki canza mini suna."

Ya kwanta, ya yi saiti, ya harba uku. Na je na ɗauko takardar. Tafin hannuna ma bai rufe ramukan ba.

"Bindigar ce ta gaji," ya ce. "Cikinta ya cinye."

"Baba, ba ni in gwada mana."

"Ke? Ke da kike rufe ido kafin ki ja kunama?"

"Wannan ai tun ina firamare ne. Ko tsoro kake ji in kunyata ka?"

Ya yi tsaki ya miƙo mini. Gaskiya gabana ya faɗi, ba don ina shakkar hannuna ba. Na san abin da takardar za ta faɗa, kuma na san ni ce zan sa ta faɗa. Na so in ɗan kauce da gangan, in bar wa bindigar laifin. Sai na tuna barewar da za ta gudu da harsashi a ciki saboda na ji tausayin tsoho. Na sauke numfashi na harba.

Tare muka taka zuwa wurin. Ya cire takardar ya kai ta dab da hancinsa, ya shafa da babban yatsa. Ramuka uku sun haɗe sun zama ɗaya.

"Kin gani ko?" ya ce, muryarsa har tana rawa don daɗi. "Ba na gaya miki ba? Ɗurin nan ba shi da na biyu. Je ki duk lardin nan ki nemo mai auna irinsa."

"Babu, Baba."

"Babu kam."

Ya daɗe yana kallon tsaunin da ke bayan gona, wanda na tabbata inuwarsa kawai yake gani. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, bindigar kuma bai karɓa ba, ya bar ta a kafaɗata.

"Bana ke za ki harba, ni zan ɗura miki. Kada ki kuskura ki taɓa mini sikeli." Ya yi gaba, sannan ya tsaya bai waiwayo ba. "Likitan idon nan da ke zuwa gari, wace rana yake zama?"