Ajin da Magana Ke Zama Ruwa

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu kunyarsa ba ta sake ni ba.

Ni malamin ilimin zamantakewa ne, kuma abu ɗaya aka san ni da shi a kwalejinmu: in ɗalibai suka kaure da gardamar siyasa, ba mai jin ra'ayina. Sai in gyara hula in ce kowace magana da mahangar da ake kallonta. Ni ina kiran wannan adalci, abokan aikina kuwa tsoro suke kiransa.

To, sai ga ni a ajina, amma a wata ƙasa da magana ke zama ruwa. Duk kalmar da ta fito daga baki sai ta zuba ƙasa ta kwanta. Ta allo na shigo, na tarar ruwa ya kai gwiwa, don ɗalibai sun daɗe suna musu. Musun a kan ƙofa ne. 'Yan jam'iyyar Buɗewa na so a buɗe ruwa ya fita, 'yan jam'iyyar Rufewa sun ce a rufe suka gaje ta.

Jami'in zaɓen wani ƙadangare ne cikin babbar riga. Ya hau tebur ya ƙirga hannuwa, aka yi kunnen doki.

"Malam, saura ƙuri'arka," in ji shi, yana gyaɗa kai.

Can baya akwai Balaraba, ɗalibar da ta fi kowa gajarta, wadda ba ta taɓa fashin ajina ba. Ruwa ya kai mata ƙugu.

"Malam, don Allah ka ce a buɗe," ta ce.

"Kwantar da hankalinki, Balaraba. Bari mu fara fahimtar matsalar."

Na soma da mahangar da ke cewa al'umma kamar jiki take, kowace gaɓa da amfaninta. Na nuna musu rufaffiyar ƙofa ma aiki take yi: tana haɗa kan aji, tana hana gyangyaɗi. Bayanin ya tsaru, har na ji ina burge kaina. Ruwa ya kai wa Balaraba ƙirji.

Sai bencinan gaba suka yi dogayen ƙafafu, 'ya'yan masu hali suna zaune a sama suna cin gyaɗa suna zubo mana ɓawo. Maimakon in firgita, murna na yi, ga misali ya zo a ɓagas. Na shiga mahangar rikici, na yi ta zuba kan masu shi da marasa shi, har na sa na baya suka tafa mini a ƙarƙashin ruwa.

Daga nan na juya ga mahangar alamomi.

"Balaraba, ke a wurinki mece ce ma'anar ƙofa?"

"Wurin fita, Malam," ta ce, haɓarta a ɗage.

"Ki ƙara tunani."

Ƙadangare ya gaji da jira. "Mai cewa a buɗe ya ɗaga hannu." Ina neman kalmomin kammalawa. "Mai cewa a rufe." Ina goge tabarau.

Da na mayar da tabaran na duba baya, babu Balaraba, sai hannunta kawai a saman ruwa, a miƙe, kamar kullum in tana da tambaya. Na san abin da nake so tun shigowata, a buɗe nake so. Na yunƙura in yi ihu, sai na tuna ihun ma ruwa ne. Na ɗaga hannu iya ƙarfina.

"An rufe zaɓe, Malam," in ji ƙadangare. Ya naɗe rigarsa ya haye bango.

A nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka. Gari ya waye, ni kaɗai a ɗaki, hannuna na dama a sama har ya yi sanyi, ba wanda ya ƙirga shi.