Farin ƙyallen Darsinah

Shekara tara Darsinah tana dasa bakau, itacen nan mai tsirowa cikin ruwan gishiri, har faratan ƙafarta suka zube. Ba don kifi ba, ba don yabon gwamnati ba. Teku ce ta cinye rabin ƙauyensu har da maƙabarta, kuma mijinta Warjo yana binne a can. Duk Alhamis sai ta tuƙa kwalekwale ta watsa masa furanni a kan ruwa. A duk ƙauyen ita kaɗai ta riƙe wurin a kanta, tana auna shi da hasumiyar tsohon masallaci.

Saiwoyin bakau suka yi ta kama laka, ruwa na ja da baya. Kai, har kawunan duwatsun kaburbura sun fara leƙowa!

Sai ga ƙanenta Kasturi, dagacin ƙauyen, da sabuwar hula da baki kamar zuma.

"Yaya, masu aikin gyaran gaɓa za su yi gadar katako don baƙi. Ki kafa gora da farin ƙyalle a kewayen maƙabartar, don su kauce mata."

"Kai da ko ziyara ba ka zuwa, yau ka tuna da matattu?"

"Haba Yaya, ai ni ma tsufa nake."

Ta yi dariya, ta yaga mayafinta na salla gida goma sha biyu, ta kakkafa. Ranar har shinkafa da soyayyen kifi ta aika masa.

Zazzaɓi ya kwantar da ita mako uku. Da ta miƙe ta ɗebi furanninta ta tafi. Tun daga nesa ta ji ƙarar inji. Duk inda ta kafa gora, ginshiƙin siminti ne tsaye, za a ɗora gidan abincin baƙi. Kasturi yana gefe da takardu a hammata.

"Kasturi! Kuskure suka yi, ka tsayar da su!"

Bai iya kallonta ba.

"Wata biyu suna neman ƙasa mai tauri, Yaya. Ko'ina laka ce. Kin san kakanni a kan tudu suke binnewa."

Sai a lokacin ta gane: awon wurin ya sa ta yi musu, da hannunta, da mayafinta.

Ta miƙa masa kwandon furannin, ta nuna ginshiƙi na uku, wanda ya sauka a kan wani kabari.

"Ungo, je ka zuba. Wannan ba Warjo ba ne. Innarmu ce."