Wanda Ya Fitar da Lambobin Ya Kaka

Shekara talatin da biyar Ya Kaka tana haɗa turaren wuta da humra a gidanta na Madabo, irin haɗin da ta gada wajen uwarta mutuniyar Barno. Ba shago, ba talla. Jarinta mutane ne, iyayen amare wajen ɗari uku, kowace lambarta na cikin wayar Ya Kaka, kuma ko ɗaya ba ta taɓa ba wani ba.

Ran wata Talata da hantsi, Hajiya 'Yardada, tsohuwar mai sayen turarenta, ta bugo.

"Ya Kaka, ashe kin fara talla a waya ba mu da labari?"

"Ni? Da tsufana?"

"To ga saƙo ya shigo mini, wai turaren gidan Ya Kaka, rabin kuɗi, a tuntuɓi wata lamba. Har da sunana, 'Yardada Uwar Biki. Ke kaɗai ke kira na haka."

Kafin azahar mata bakwai sun bugo. Biyu har sun saya, suka ce hayaƙin sai ka ce an ƙona tsohuwar katifa. Ya Kaka ta zauna bakin rijiya tana juya abin a ranta. Ita karatun allo ta yi, ba ta iya boko ba. Duk sunan da ke cikin wayar nan, Fanna ce ta rubuta shi, 'yar ƙaninta da ta yi shekara tara tana taya ta jiƙa itace da soya shi. Sai ta tuna Fanna ta ɗinka sabuwar atamfa. Ta kuma tuna ta gan ta a soro tana waya ƙasa-ƙasa. Abin da jiya ba kome ba ne, yau duk ya zama shaida.

Ta kira ta a tsakar gida, gaban Hasana mai yi musu daka da matan maƙwabta biyu.

"Nawa suka ba ki?"

"Su wa, Gwaggo?"

"Kar ki raina mini hankali! Wa ya san Uwar Biki in ba ni da ke ba? Na cishe ki, na koya miki abin da ban koya wa 'yar cikina ba, ashe maciya amana nake raino."

Fanna ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta koma gidan mijinta a Dala.

Kwana biyu kasko bai ga wuta ba. Ran na uku Malama Turai, malamar firamare da ke lungunsu, ta shigo da sallama ta ji labari. Ta ce a ba ta wayar ta gani. Ya Kaka ta miƙa, amma ba ta ɗauke ido daga yatsunta ba, don a ranar ko Turai ba ta yarda da ita ba.

"Hajiya, wannan manhajar mai hoton kwando fa, wa ya sa miki?"

"Ɗantani na kasuwar Kurmi, mai sayar mini da itacen sandal. Wai in riƙa ganin sabon kaya ba sai na taka ba."

"To kin ba ta izinin karanta lambobinki duka. Da saƙonninki, da hotuna, da inda kike. Har kunne kin ba ta, tana iya jin maganarki."

"Ƙarya ne! Ban ba kowa kome ba."

"Ba ta taɓa fito miki da tambaya ba, rubutu biyu, ɗaya nan ɗaya nan?"

"Tana yi. Sai in danna na dama."

"Me ya sa na dama?"

Ya Kaka ta dube ta kamar ta tambayi dalilin alwala. "Da hagu kike ci? Da hagu kike shiga masallaci? Tun muna yara aka ce kome da dama ake farawa."

Turai ta danne dariya. "A wannan dai na daman nan shi ke nufin na yarda, ɗauki. Ke kika buɗe musu ƙofa, Hajiya. Fanna ba ruwanta."

Ta bi izinin nan ɗaya bayan ɗaya tana kashewa, ta goge mai kwandon, ta leƙa sauran. Har wata ta fitila aka samu tana riƙe da lambobi.

"Fitila me za ta yi da Uwar Biki?" in ji Ya Kaka. "Ɗantani fa, da saninsa?"

"Allah masani. Wataƙila shi ma an kwashe nasa. Abin da suka ɗauka dai ba ya dawowa. Daga yau in ta tambaye ki, kar ki danna kome sai an karanta miki."

Mai karanta mata kuwa, Fanna, ita ce ta kora.

Bayan la'asar Ya Kaka ta hau adaidaita sahu zuwa Dala, ita da ba ta zuwa gidan na ƙasa da ita sai suna ko rasuwa. Ta tarar da Fanna tana tsintar shinkafa. Fanna ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa, ta koma kan farantinta.

"An gano ɓarawon," in ji Ya Kaka. "Wayar ce. Gobe ki zo da wuri, akwai haɗin biki uku."

"Gwaggo, a gaban Hasana da maƙwabta kika ce mini maciya amana. Maganar har ta zo kunnen uwar mijina."

"To yanzu me kike so?"

"A gabansu za ki wanke ni."

Ya Kaka ta ajiye kofin ruwan. Tun da take ba ta taɓa janye magana a gaban mutane ba.

"Zan tara su," ta ce da ƙyar.

"In kin tara su, ki aiko Hasana ta kira ni."