Furfurar da Ta Leƙo a Sallar La'asar

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, hannunta na dama ya daina ɗaga ko mayafi, babbar 'yarta ce ke shirya ta domin sallolin rana. Yaya ake ce mata a gidan, kuma tela ce. Da an kira salla sai ta ɗora ƙyalle a kan keken ɗinki, ta ja ƙofar shago, ta tsallaka titi ta zo. Takan yi wa Inna alwala, ta zaunar da ita a kujerar roba mai fuskantar alƙibla, ta ɗaure mata ɗankwali tam, sannan ta zura mata hijabi. Hijaban duk ɗinkinta ne. Ta auna fuskar tsohuwar da kanta, ta sa roba a bakinsu yadda za su kama goshi da haɓa, ta sake tsawonsu har su rufe bayan ƙafa ko a zaune. Wannan hidima ita ce abin da Yaya ke jin ba wanda ya isa ya raba ta da shi, domin a ganinta nan ne kaɗai uwarta ke buƙatarta har yanzu.

Sai dai akwai matar Auta, wadda ke zaune a gidan tare da mijinta, ƙanin Yaya. Da farko sallolin da Yaya ba ta nan kaɗai take shiryawa. A hankali Inna ta fara cewa, "Ba sai kin rufe shago ba, 'yar nan tawa ma ta iya." Kalmar "'yar nan tawa" ta riƙa dawo wa Yaya a kunne, tana ɗinki tana jin ta.

Ranar da abin ya faru, wata mai karɓar kaya ta tsare ta da gardama a kan hannun riga, ba ta iso ba sai da aka gama yi wa Inna alwalar La'asar. Tun daga tsakar gida ta jiyo dariya. Ta ɗaga labule ta tarar da Inna a kujera cikin wani hijabi ruwan toka na kasuwa, mai santsi, mai faɗin fuska. Hijaban da ita ta ɗinka kuwa suna ninke a ƙarshen gado.

"Ga mai shaƙe mutane ta iso," in ji Inna, bakinta a ɗan karkace da murmushi. "Yau dai haɓata ta samu hutu. Zo ki taɓa ki ji laushi, ke da kike ɗinka mini takunkumi."

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji matar Auta, ta ɗan rusuna. "Na ga robar tana yi mata shaida a kumatu, shi ne na samo wannan."

"Ina ɗankwalin ciki?"

"Ta ce zafi take ji."

"Zafi nake ji," Inna ta maimaita. "Kaina ne ko naki? Ku ba ni wuri, lokaci na tafiya."

Matar Auta ta fita ɗebo ruwan sha. Yaya ta zauna a bakin gado, a bayan kujerar, inda ta saba zama. Fanka na juyawa a sama. Inna ta ɗaga hannun hagu da ƙyar, ta yi kabbara.

A ruku'in farko, da tsohuwar ta sunkuyar da kai, hijabin ya zame baya. Furfura ta leƙo daga goshi zuwa saman kunnen dama, ɓangaren da ba ta jin komai, har da gefen wuya. Yaya ta gani sarai. Tsakaninta da kan uwarta bai wuce miƙa hannu ba, kuma ta sha gyara mata lulluɓi tana cikin salla ba tare da ta ma sani ba. Hannun ya tashi daga cinyarta, sai ta mayar da shi. Wani abu mai daɗi da ɗaci ya cika mata ƙirji. Ta ce a ranta, bari mai kawo hijabin laushi ta dawo ta ga aikinta da idonta. Ta zauna tana kallon furfurar tana motsi da iskar fanka, tana jin numfashin Inna yana ƙara nauyi daga raka'a zuwa raka'a, domin sunkuyawa kaɗai aiki ne babba a wurinta.

Inna na sallamewa matar Auta ta shigo da kofi. Yaya ta miƙe.

"Kafin ki ba ta ruwa, zo ki duba. Kin ga gashi? Kin ga wuya? Haka ake tsayar da mace gaban Ubangijinta? Fuska da tafin hannu kaɗai ake bari, ko a gidanku ba a faɗa miki ba? Shirya mai salla ba kwalliyar biki ba ce."

Matar Auta ta ajiye kofin da sauri. "Wayyo Allah. Inna, ki yafe mini. Wallahi da na fita a rufe yake."

Inna ta shafa goshinta da hannun hagu, ta ji gashin. Fuskarta ta canza. Mace ce da tun ƙuruciya ko maƙwabta ba su san launin gashinta ba. Ta sauke hannun, ta ce, "Sai na sake."

"Inna, kin gaji," in ji matar Auta. "Ba da saninki ba ne, Allah Yana gani."

"Lokaci bai fita ba. Sai na sake."

Yaya ta riga ta ɗauko ɗankwali da hijabinta daga gado, tana warware su da sauri kamar wadda aka mayar wa kujerarta. Ta matso, sai Inna ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya tukuna. Ke ina kike zaune?"

"Nan bayanki, Inna."

"Yaushe ya zame?"

Yaya ta buɗe baki. Ƙarya ta zo mata har kan harshe, amma ɗakin da aka idar da salla yanzu ne, kuma idon uwarta na kanta. "A ruku'in farko."

"A ruku'in farko," in ji Inna a hankali. "Ita ta yi kuskure ta fita. Ke kina gani kika zauna. Hannuwanki biyu lafiyarsu ƙalau, ko su ma sun shanye?"

"Inna, so nake ta gane..."

"Da sallata za ki koya mata karatu? Da tsiraicina?"

Can waje wani mai babur ya wuce yana danna ƙaho. Inna ta dubi kayan da ke hannun Yaya, ta ce, "Ɗinkinki ya fi, wannan ba gardama. Miƙa mata ta ɗaura mini." Ta juya ga surukarta. "Ke kuma, 'yar nan, ɗaure ɗankwalin da kyau, zafin ba zai kashe ni ba. In kin gama ki zauna a bayana. Daga yau nan ne wurinki."

Yaya ta miƙa kayan. Ta tsaya tana kallon yatsun wata suna tura furfurar uwarta ƙarƙashin ɗankwali, suna gyara robar a haɓa, a karkace kaɗan, ba yadda ita take yi ba. Ta so ta ce a ja ta hagu, ta kasa.

"Koma shagonki," in ji Inna ba tare da ta waiwayo ba. "Masu kaya na jiran ki."

Yaya ta saki labulen a bayanta. Tana neman takalminta a bakin ƙofa ta ji muryar tsohuwar, a gajiye, tana sake kabbara.