Sunansa Kawai Mai

Auta ya sa tsumma ya share ɗigon da ya faɗo a kan tankin babur ɗin, sai ya ga wurin ya ɗauki sheƙi. Ya ɗaga kai ya duba. Daga ɗan kofin man birki da ke kan hannun dama yake tsattsafowa. To, mai ai mai ne. Ya tara tsumman a ƙarƙashin kofin har ya jiƙe, ya bi jan tankin nan lungu-lungu yana murzawa, har ya hango fuskarsa a ciki.

Babur ɗin na yayansa ne. Shekarar Auta talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu, amma a gidansu har gobe Hannun Ɓarna ake ce masa, saboda wata rediyo da ya kwance yana ɗan shekara tara. Rediyon ta daɗe da zama tarihi, sunan kuwa ya ƙi mutuwa. Da ya samu aikin kai saƙonni a wani kantin magani, sai da Inna ta yi kwana uku tana roƙo kafin Yaya ya ba da makulli.

"Sati ɗaya," in ji Yaya. "Ka dawo da shi yadda ka karɓa, na bar maka ka ci gaba da aiki. Kuma ka riƙa goge shi."

Yau ce rana ta bakwai.

Ya ajiye babur ɗin a rana a ƙofar wani asibiti, ya hau bene da kwalaye. Da ya sauko, ya tsaya yana kallon tankin. Fentin ya yamutse kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Ya taɓa da yatsa, jan ya biyo yatsan, farin ƙarfe ya leƙo.

Ya garzaya da babur ɗin wurin bakanike. Bakaniken ya duba sau ɗaya ya kama haɓa.

"Malam, me ka shafa masa?"

"Man birki ne ya ɗiga, na goge."

"Ka goge, ko ka yi masa kwalliya? Wannan sunansa kawai mai! Cin fenti yake yi. In ya ɗiga, ruwa ake kwara masa nan take."

Ya sunkuya ya leƙa kofin, ya matsa birkin, hannun ya tafi har ƙarshe ba ƙarfi.

"Af, ba babur ɗin yayanka ba ne? Sati uku ke nan na ce masa robar kofin nan ta mutu, ya ce a bari tukuna. Kai ta fenti kake yi? Da ka ƙara kwana biyu, sai dai ka tsaya a ƙarƙashin tirela."

Auta ya tuna baya. Rabin awa Yaya ya yi yana masa huɗuba ranar ba da makulli: kada ka ɗauki mutum biyu, kada ka ba kowa aro. Bai ce uffan a kan roba ba.

Abin da ke aljihunsa ba zai yi fenti ba, ko kusa. Zai dai sayi roba da sabon mai.

"Canza ta," ya ce.

Da la'asar ya tura babur ɗin cikin tsakar gida. Yaya ya zagaya shi sau biyu, hannuwa a baya, bai ko ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi sauƙi.

"Inna, ban faɗa miki ba? A rina."

"Yaya, robar ce ke yoyo. Bakanike ya ce ya gaya maka."

"Ɗigo ɗaya take yi. Ni kullum da ruwa nake wankewa. Wannan ai ko yaron goye ya sani."

Auta ya juya wajen Inna, ko za ta ce wani abu. Ta dube shi da tausayi, irin tausayin da ya fi mari ciwo.

"Ba laifinka ba ne, Auta. Hannunka ne haka, tun kana ƙarami."

Ya kalli hannun. Jan fentin ya shige masa ƙarƙashin farce. Ya miƙa makullin, ya san aikin kantin magani ya tafi tare da shi.

Yaya ya hau, ya tayar, ya nufi ƙofa. Daidai nan ƙaramar 'yarsa ta ɓullo da gudu daga zaure. Ya damƙe birki, babur ya tsaya cak, tayar gaba tana shafar rigarta.

Ya sauke numfashi, ya sake matsa birkin sau biyu, ya waiwayo wajen Inna.

"Allah ya taimake mu," ya ce. "Birkin dai Auta bai kai hannu wurin ba."